An Kashe Mai Cizo a Shagon Hular Kwano

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama a ɗaure cikin filasta har gwiwar hannu, nake sanar da abokan cinikinmu, da maƙwabta, da duk wanda wannan takarda take isa hannunsa a farkon kowane wata, rasuwar na'urarmu ta buga takardu, wadda kowa ya sani da Mai Cizo. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan teburinta na kusa da taga, bayan shekara bakwai da wata huɗu tana yi wa wannan shago na hular kwano hidima. Ta tsufa, amma ba tsufa ne ya ɗauke ta ba. Kashe ta aka yi da guduma, a gaban idona, kuma na san wanda ya yi.

'Yata ce take rubutawa, ni ina faɗa mata. Ta ce in rage zafi, na ce ta rubuta yadda ta ji. An kuma ja mini kunne cewa ba a yi wa ƙarfe da roba irin addu'ar da ake yi wa ɗan'adam, na kuwa yarda. Amma ba wanda ya hana a faɗi halin wanda ya tafi, da yadda aka yi ya tafi.

Marigayiya ta shigo mana ne a shekarar da maigidana ya rasu. Shi ya kafa shagon nan, tare da ƙanensa Auta. Ba a yi wata uku da rasuwar ba Auta ya kwashe rabin kaya, ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi, daidai inda zan riƙa ganinsa duk lokacin da na ɗaga kai. Masu babur suka bi shi, domin shi suka saba gani, kuma da yawansu suna ganin mace ba abin da ta sani game da hular kwano. Sai in wuni ina goge kayan da ba wanda ya taɓa, ina jin dariyar cinikinsa tana tsallako mini titi.

Wata rana 'yata ta dawo a bayan babur, rungume da wata tsohuwar na'ura da aka ɗaure murfinta da igiya. Wani ofis ne zai tashi, suka ce a fitar musu da ita. Ta dire ta a kan tebur ta ce, "Umma, tunda sun daina zuwa wurinmu, mu za mu riƙa zuwa musu. Duk wata, shafi ɗaya, gaba da baya."

Fitowa biyu na farko ba mu sa komai ba sai jerin kaya da yabon kanmu. Da idona na ga bakanike yana goge baƙin mai da ita. A ta uku na ce a bar yabon, a rubuta abin da maigidana ya koya mini. Na faɗi yadda ake ɗaure igiyar hula har ya zama yatsa biyu kaɗai ke shiga ƙarƙashin haɓa. Na faɗi yadda ake wanke soson ciki in ya fara wari. Na kuma faɗi cewa hular da ta taɓa bugun kwalta da ƙarfi ta gama aiki, ko ba a ga tsaga a jikinta ba. Kwana biyu da fitarta wani mai hayar babur mai yawan dariya, wanda ake kira Mai Wushirya, ya shigo da takardar a ninke cikin aljihu.

"Mama, yarinyata ce ta karanta mini," in ji shi. "Wai da gaske ne tawa ta mutu alhali ga ta nan garau?"

Na karɓa, na zare soson, na nuna masa inda ya lotse. Ya sayi sabuwa, ya kuma ɗebi takarda talatin ya ce zai raba a tasharsu. Shi ne sunan farko a jerin masu karɓar takardarmu. Daga ranar, duk wanda ya shigo muna tambayar sunansa da inda yake tsayawa, har jerin ya haura mutum ɗari tara. Muka riƙa sa labarin wanda aka yi wa haihuwa, da wanda lambar babur ɗinsa ta faɗi aka tsinta, da sabon ramin da ya buɗe a hanya. A kusurwar shafi akwai ɗan akwati, wanda ya yanko ya kawo sai mu canja masa igiyar hula kyauta. Mutum zai zo canjin igiya, ya fita da ƙaramar hula ta ɗansa na makaranta. Da wannan shafi guda shagon ya miƙe, da shi na aurar da babban ɗana, kuma kowane kwafi ta cikin marigayiya ya fito.

Ba zan yi mata ƙarya ba don ta mutu. Mai Cizo muguwa ce. Ta cire wa 'yata farcen ɗan yatsa. Ta taɓa jan gefen mayafina har na durƙusa a gabanta ina ihu. Mai gyara ba ya taɓa ta sai ya tsaya a kan katako, tun ranar da ta ja shi da wuta ta maka shi da bango. In ta ga muna sauri, sai ta haɗiye takarda biyar lokaci ɗaya ta tauna su ta yi shiru. Ni ma ban raga mata ba. Na mare ta a kwiɓi fiye da sau dubu, na nushe ta a murfi, na taɓa yi mata ƙafa har takalmina ya tsinke. Duka ne yaren da muke ji ni da ita. In na mare ta, sai ta yi tari, ƙoh, ƙoh, ta ja dogon numfashi, ƙirrr, sannan ta fara, tas, tas, tas, takarda tana faɗowa da ɗuminta. Wanda bai taɓa riƙe takarda mai ɗumi da sunan shagonsa a sama ba, ba zai gane abin da na rasa ba.

Ga yadda ajalinta ya zo.

Wata biyu da suka wuce aka sace wa Mai Wushirya hularsa a bakin wani shago. Yana sauri, ga fasinja na jira, ni kuma na je asibiti duba jikata, shago a rufe. Ya tsallaka wurin Auta ya ɗauki wata mai sheƙi, mai sauƙi, da tambarin inganci manne a bayanta. Kwana tara yana sa ta. A rana ta goma wata mota ta goge shi a shataletale, ba ma da gudu ba, ya faɗi kansa ya bugi dakalin gefen titi. Hular ta dare biyu kamar ɓawon ƙwai, tsinin robar ya shige masa gefen kai. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Matarsa ce ta kawo mini gutsattsarin a leda, da jini da gashi a jiki. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye a kan tebur, kusa da marigayiya, ta ce, "Mama, ke kika sani. Duba mini ki gaya mini." Na duba. Abin da ke ciki ba soson kariya ba ne, kwali ne aka lulluɓe da yadi, igiyar kuma da gam aka manna ta.

Na tsallaka titi a karo na farko cikin shekara bakwai, na ja Auta gefe don kada a ji, na buɗe masa ledar. Ya leƙa, ya kawar da kai.

"Matar Yaya, kwanansa ne ya ƙare," in ji shi. "Ko tukunyar ƙarfe ya kifa a kai sai ya tafi."

"Auta, nawa ka sayar irin wannan?"

"Ki je ki tsare shagonki."

Na tafi wurin surukata, Inna, wadda har yau take kallon Auta kamar yana goye a bayanta. Ta saurare ni har na gama, ta ce a rufa wa juna asiri, gida ɗaya ne, ita za ta yi masa magana. Na jira mako biyu. Kullum ina kallon mutane suna fitowa daga shagonsa da hula mai sheƙi a kai, wasu har da yara a gaba.

Sai na aiki wani ya sayo mini uku. Na jera su a ƙofar shago tare da tawa guda, na ɗauko guduma, 'yata tana ɗaukar hoto. Tawa ta sha bugu biyar, ta lotsa, ba ta fashe ba. Nasu kowacce bugu ɗaya ya wargaza ta. Muka sa hotunan a takarda ta tamanin da bakwai. Ban kira sunan Auta ba, ban kira sunan shago ba. Na dai ce a ɗaga hula a ji nauyinta, a danna gefenta da manyan yatsu, a duba ko igiyar ɗinki ce ko gam. A ƙasa na sa hoton Mai Wushirya yana dariya, da izinin matarsa. A ranar nan marigayiya ta buga kwafi dubu ba ta ciji ko ɗaya ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da muke tare.

Cikin mako guda aka fara zubar wa Auta huluna a ƙofa. Mutum zai tsaya da babur, ya cire, ya danna da yatsa a gabansa har ta tsage, ya jefa masa, ya wuce. Tulin ya kai gwiwa.

Ranar Talata 'yata ta fita sayen takarda, ni kaɗai ce a shago. Marigayiya tana buga ƙarin kwafi, domin wasu tashoshin sun aiko a ƙara musu. Na ga ƙofa ta yi duhu. Auta ne, da babbar guduma irin ta fasa dutse, idonsa jawur.

"Kashe ta," in ji shi.

"Fita mini daga shago."

"Matar Yaya, na ce ki kashe ta."

Ita kuwa tana ta aikinta, tas, tas, tas. Bugu na farko ya sauka a kan gilashinta, ya tarwatse har cikin gashina. Na biyu ya ɓalle murfin, ya tashi ya bugi rufi. Ban san lokacin da na ɗora hannu a kanta ba, yadda mutum zai kare yaro. Bugu na uku a kan hannuna ya sauka. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafin, kamar an karya busasshen ice. Na zube ƙasa ina kallo. Duk da haka ba ta tsaya ba, ta sake jan takarda, ƙirrr, da ciki a buɗe, haƙoranta suna juyawa a fili. Ya ci gaba da dukanta yana nishi, yana zagin ta kamar tana ji. Da ya fasa ma'ajin tawada, baƙin gari ya tashi ya rufe masa fuska da riga. Ta tofo rabin shafi, ta yi wani siririn kuka, ƙiiii, wanda ban taɓa ji daga gare ta ba, ta yi shiru.

Ihuna ya kai tashar babur ta kan kwana. Auta na fitowa, fuska baƙi ƙirin, guduma a hannu, ya ci karo da mutum wajen arba'in. Ba wanda ya tambaye shi komai. Suka ƙwace gudumar suka rufe shi, wani da sarƙar babur, wani da ƙafa, wasu da hulunan da ya sayar musu, suna fasa su a jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka tsallaka suka farfasa shagonsa, suka watso kayan a titi. Na ga haƙoransa a ƙasa. Ya rarrafo da ciki ya nufo ƙofata, yana jan jini a kan siminti, suna biye da shi suna shuri.

Zan faɗi gaskiya tunda sanarwar mutuwa ce. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da karyayyen hannuna, na kalle shi ana dukansa, kuma raina ya yi sanyi. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Sai na ga wan Mai Wushirya ya ɗago bulo da hannu biyu sama da kansa. Auta yana kife, ƙeyarsa kawai nake gani da kunnuwansa, kuma ƙeyar maigidana ce sak, ƙeyar ɗana ce. Na miƙa hannun hagu na fizgo hula ɗaya daga cikin nawa na shago, na durƙusa na cusa masa a kai da ƙarfin tsiya. Ban gama ba bulon ya sauko. Ya dare biyu a kan hular, ɓarin ya yanke ni a kafaɗa. Auta ya sume. Na kwanta a kansa.

"Mama, tashi!" in ji wan Mai Wushirya, yana kuka. "Ya kashe mini ƙane, ya karya ki, tashi!"

"Sai dai ku haɗa da ni," na ce. "Kuma wallahi duk wanda ya ƙara ɗaga hannu, na san sunansa, na san tasharsa, na goge shi daga takardata har abada."

Wani daga baya ya yi dariya, bai shirya ba. Ba na cewa maganata ce ta tsayar da su, na fi zaton kunyar taka tsohuwa ce. Amma sun ja baya, kuma a haka 'yan sanda suka same mu. Mota ɗaya ta kai mu asibiti ni da shi, kansa a kan cinyata, jininsa da nawa da baƙar tawada duk sun haɗe a zanena. Likita ya juya hular a hannunsa, ya dubi lotsawar, ya ce da babu ita da ba gadon asibiti za a nema masa ba. Ya rasa haƙori huɗu, an yi masa ɗinki a leɓe da gira. Ni an ce yatsuna biyu ba lalle su sake lanƙwasuwa ba.

An rufe shagonsa, an kwashe ragowar hulunan a matsayin shaida, magana tana gaban hukuma. Inna ta zo sau uku tana kuka, tana roƙon in janye ƙara. Na ce mata ta hannuna zan iya tunani a kanta, ta Mai Wushirya kuwa ba tawa ba ce balle in janye. Ranar Lahadi, bayan an ba da belinsa, Auta ya zo ya tsaya a ƙofar shago, bai shigo ba. Ya daɗe yana kallon teburin, inda tarkacen yake har yanzu, domin na hana a share.

"Matar Yaya," in ji shi, maganar tana fita da ƙyar ta cikin ɗinki, "me zan yi?"

'Yata ta miƙe ta ce, "Baffa, ka tafi kawai." Na ce ta zauna. Na gaya masa ya dawo ranar Asabar, na kuma gaya masa abin da zai yi. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji.

Marigayiya ta rasu ta bar abin maƙala takardu, wanda suka yi zaman tebur ɗaya shekara bakwai ba su taɓa shiri ba. Ta bar almakashi, da wayar wuta mai ɗauri uku, da damin takarda biyu da 'yata ta dawo da su ta tarar babu mai ci. Ta bar mai gyara, wanda ya zo ya duba gawar, ya cire hularsa, ya ce duk da abin da ta yi masa bai so ta tafi haka ba. Ta bar rabin shafinta na ƙarshe, yana nan manne a bango. Ta bar ni, da 'yata, da ku mutum ɗari tara da 'yan kai. Wannan takarda da ke hannunku a shagon wani mai buga takardu aka yi ta, da wata sabuwar na'ura fara sol wadda ba ta tari, ba ta cizo, ba ta kuma san kowa ba. Ku yi haƙuri da ita. Canjin igiya yana nan kamar kullum, a yanko akwatin a kawo.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga ƙofar shago zuwa filin masu sayen tsofaffin ƙarafa da ke ƙarshen titi. Masu babur da suka ce za su yi rakiya, na gode, amma a kashe inji a tura da hannu, kuma kowa da hularsa a ɗaure. Ana karɓar gaisuwa a shago har yamma. Ba a buƙatar kawo komai, sai dai wanda har yanzu yake da hula mai sheƙin nan a gida, ya zo da ita, ko ta maƙwabcinsa ce.

Auta ne zai tattara tarkacen da hannunsa, ya zuba a buhu, ya saɓa a baya, ya taka da ƙafa. Ba za a bi miƙaƙƙiyar hanya ba. Za a ratsa ta layin gidan Mai Wushirya, inda zai sauke buhun a ƙofa, ya yi sallama, ya gaya wa matar marigayin da yarinyarsa da bakinsa irin hular da ya sayar wa mai gidansu, da cewa ya san abin da ke cikinta ranar da ya sayar. Abin da za ta ce masa nata ne, ban tambaye ta ba, kuma ba wanda zai sa mata baki. In ta gama, zai ɗauki kayansa a ci gaba.

Buhun yana da nauyi, hanyar da nisa, kuma jikinsa bai gama warwarewa ba. Ina roƙon duk wanda zai halarta, don girman Allah, kada wanda ya taɓa shi. Kada kuma wanda ya taya shi.